Cutar Tsiro da Aka Samu Cikin Dutse

Kowane manomi ya san burtuntuna. Dawa ta yi kyau, ta fid da kai, mai gona yana murna. Ran da ya murza zangarniya sai ya ga baƙin gari ya cika masa hannu maimakon tsaba. Haka kuma kowace mace ta san fumfuna. In tuwo ya kwana biyu a rufe da damina, sai a ga wani abu kamar auduga ya lulluɓe shi, fari ko baƙi ko kore.

To, burtuntuna da fumfunar tuwo dangi ne. A cikin wannan darasi za mu ba ku labarin wata 'yar'uwarsu wadda ta riga su zuwa duniya da nisa. Ba a gona aka same ta ba, a cikin dutse aka same ta, can a ƙasar Sikotlan. Da ita da tsiron da ta kama duk sun ƙare a duniya tun da daɗewa, ba sauran irinsu. Amma dutse ya ajiye su yadda suke. Za mu ga yadda haka ta faru. Za mu kuma ga yadda masana suka gane tsiron nan yana da rai sa'ad da cutar ta kama shi.

Mece ce fumfuna?

Fumfuna abu ce mai rai. Tana ci, tana girma, tana yaɗuwa, tana mutuwa. Da can ana lissafa ta cikin tsire-tsire, amma yanzu masana sun ware ta, sun ba ta gidanta dabam. Ga dalili. Tsiro yana da koren ganye. Da wannan koren yake haɗa abincinsa da kansa, daga hasken rana da ruwa da iska. Fumfuna kuwa ba ta da wannan kore. Saboda haka ba ta iya yi wa kanta abinci, sai dai ta ci na wani.

Jikin fumfuna zare ne, siriri ƙwarai, ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba. Zaren nan yakan kutsa cikin abin da take ci, ya fid da wani ruwa mai narkar da shi, sa'an nan ya tsotse. In ta ƙoshi sai ta yi iri. Irinta ba tsaba ba ne kamar na gero, ƙura ce mai laushi wadda iska ke ɗauka. Baƙin garin burtuntuna, shi ne ƙurar irinta. Laimar kwaɗi da ke fitowa a juji da damina, wadda waɗansu ke kira naman kaza, ita ma fumfuna ce. Laimar da muke gani wurin ajiye iri ce kurum, ainihin jikinta zare ne yana can cikin ƙasa. Har yis da ake sa wa ƙullun burodi ya tashi, shi ma ɗan gidan ne.

Hanyoyi uku na neman abinci

Tun da yake fumfuna ba ta yin abincinta, hanya uku take bi ta samu. Ku riƙe su da kyau, gama a kansu labarin nan ya tsaya.

Ta fari, akwai mai cin abin da ya riga ya mutu, kamar yadda ungulu ke cin mushe. Ita ce ke ruɓar da karmami da kashin shanu da busasshen itace, su koma taki. Ba don ita ba, da tarkace ya cika duniya.

Ta biyu, akwai mai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Takan shiga saiwar tsiro mai rai, ta jawo masa ruwa da gishirin ƙasa daga nesa, shi kuma ya ba ta abincin da ya haɗa a ganyensa. Kowa ya amfana.

Ta uku, akwai cima-zaune. Takan shiga jikin tsiro mai rai ta yi ta tsotsa, ba ta ba shi komai sai ciwo. Halinta ɗaya da na kaska a jikin saniya, ko kauci a reshen itace, ko ƙuduji a saiwar dawa. Burtuntuna tana cikin waɗannan. Wadda za mu ba ku labarinta ma haka.

Likita da dutsen shinge

Sikotlan tana arewa da Ingila, tsibiri ɗaya suke. Ƙasa ce mai sanyi da tuddai. A arewa maso gabashinta akwai wani birni a bakin teku, sunansa Abadin. Kamar mil 30 daga nan, watau kilomita 50, akwai wani ƙauye da ake rubuta sunansa Rhynie, ana faɗinsa Raini. Ba rainin da muka sani ba ne, sunan gari ne kawai.

Manoman wurin sukan tsince duwatsu daga gonakinsu, su jera su su yi shinge. Akwai wani likita mai suna William Mackie, wanda yake aiki a garin Elgin. Shi kuwa mai sha'awar ilmin duwatsu ne, in ya sami sarari yakan fita yawon dubansu. Wajen shekarar 1912 ya ga waɗansu duwatsu a gonakin Raini da shingayensu, waɗanda ba su yi kama da sauran ba. Masu tauri ne ƙwarai, dangin ƙanƙarar da ake ƙyasta wuta da ita. Ya kwashi kaɗan ya kai gida.

Yaya mutum zai ga abin da ke cikin dutse? Ga dabarar. Akan yanko ɓallin dutsen, a manna shi a jikin gilashi, a yi ta goga shi har ya koma kamar takarda, haske yana ratsa shi. Sa'an nan a sa shi ƙarƙashin madubin likita, watau madubin nan da ke mai da ƙanƙanin abu ƙato. Da Mackie ya yi haka, sai ga karan tsire-tsire kwance a cikin dutse, ba su ruɓe ba, ba su murƙushe ba.

Aka haƙa ramuka a gonar aka tarad da uwar dutsen a ƙarƙashin ƙasa. Waɗansu masana tsire-tsire biyu, Robert Kidston da William Lang, suka karɓi aikin. Daga 1917 zuwa 1921 suka fid da bayani kashi biyar a kan abin da suka gani. A kashi na ƙarshe suka nuna akwai zaren fumfuna da ƙurar irinta birjik cikin karan tsire-tsiren nan. Tun daga lokacin har yanzu ba a daina duban duwatsun Raini ba, ana ta samun sabon abu.

Yadda tsiro ya zama dutse

Mun san in ganye ya faɗi ƙasa, kafin damina ta zagayo ya ruɓe. To, me ya hana waɗannan ruɓewa?

Wanda ya taɓa zuwa Yankari a ƙasar Bauci ya san ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da ɗuminsa. A zamanin da muke zance, akwai irin waɗannan maɓuɓɓugai a Raini, amma nasu sun fi na Wikki zafi ainun, domin akwai duwatsu masu aman wuta a yankin. Ruwan zafin nan yakan narko sinadarin da ke cikin farin yashi, wanda ake kira silika, ya taho da shi.

Kusa da maɓuɓɓugan akwai fadama da 'yan kududdufai, inda tsire-tsire suke. Loto-loto ruwan yakan yi ambaliya ya malale fadamar. In ya huce ba ya iya riƙe silikan, sai ya sake shi. Ku tuna da yadda ruwan kanwa yake barin fari-fari a jikin tukunya in ya ƙafe. Haka silikan nan ya lulluɓe tsire-tsiren, ya ratsa cikinsu, ya cika kowace kafa tun ba su ruɓe ba. Da tafiya ta yi tafiya sai ya daskare ya zama dutse.

Shi ya sa abin da ke cikin dutsen ya fito sarai. Jikin kowane tsiro 'yan ɗakuna ne ƙanana jere da juna, kamar saƙar zuma. A dutsen Raini ana ganin 'yan ɗakunan nan ɗaya-ɗaya. Ana ganin 'yan ƙofofin da tsiro ke shaƙar iska da su. Waɗansu tsire-tsiren ma a tsaye aka same su, yadda ruwan ya tarad da su. Duk abin da ke jikinsu a ran nan, mai amfani da mai cuta, an kama shi tare da su.

Shekara nawa ke nan?

Masana sun auna duwatsun Raini sun ga sun yi kimanin shekara miliyan 407. Miliyan ɗaya ita ce dubu sau dubu, abin da tsofaffi ke cewa zambar dubu. Ga misali don ku ji yawan abin. A ce mutum ya zauna yana ƙirga ƙwayar gero, kowane sakan ƙwaya ɗaya, ba ci, ba sha, ba barci. Sai ya yi kwana 11 da rabi kafin ya cika miliyan ɗaya. Kafin ya cika miliyan 407 kuwa, sai ya yi kusan shekara 13. Kowace ƙwaya ɗaya a matsayin shekara guda take.

Wani zai ce, wa ya ƙirga? Ba wanda ya ƙirga, aunawa aka yi. A ce kuna da tulu mai yoyo, kun san ludayi ɗaya yake zubarwa kowace sa'a. In kun duba ƙwaryar da aka tara a ƙarƙashinsa kuka ga ludayi 6, kun san an yi sa'a 6 da cika shi. To, a cikin waɗansu duwatsu akwai sinadarai masu rikiɗa su koma wani sinadari a hankali, bisa ƙa'ida guda, ba gaggawa ba jinkiri. In aka auna wanda ya rikiɗa da wanda ya saura, sai a san shekarun dutsen.

Duniyar wancan zamani ba irin tamu ba ce. Ba mutum, ba dabbar gida, ba tsuntsu, ko ƙadangare babu. Ba kuka, ba tsamiya, ba ciyawa, ba fure. Akwai kifaye a ruwa, amma tudu bai daɗe da fara yin kore ba. Tsire-tsiren da ke akwai gajeru ne, galibinsu ba su kai gwiwar mutum ba, suna zaune a wurare masu laima. An sami iri 7 a duwatsun yankin Raini. A tsakaninsu akwai 'yan ƙananan halittu masu rarrafe, dangin gizo-gizo da shanshani. Ƙasar Sikotlan kanta ba inda take yanzu take ba. Tana can kudu da tsakiyar duniya, wuri mai zafi. Gama ƙasashe suna matsawa a hankali, kamar yadda farce ke tsiro, ba a ganin tafiyarsu sai an daɗe.

Mai-tauraro da baƙuwarsa

Ɗaya daga cikin tsire-tsiren nan 7 shi ne wanda Kidston da Lang suka sa wa suna Asteroxylon mackiei a 1920. Kalmar farko ma'anarta itace mai tauraro, domin in an yanka karansa a gicciye, jijiyar da ke kai ruwa a tsakiyarsa siffar tauraro gare ta. Kalma ta biyu kuwa don girmama likita Mackie ce. Mu a nan sai mu riƙa ce masa Mai-tauraro.

Mai-tauraro bai wuce kamu ɗaya a tsawo ba. Kaurin karansa kamar na ƙaramin yatsa. Galibin sauran tsire-tsiren Raini karansu tsirara yake, amma shi jikinsa cike yake da waɗansu 'yan abubuwa kamar ganye, ba su fi ƙwayar shinkafa tsawo ba. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Da ƙurar iri yake yaɗuwa.

A shekarar 2015 wata masaniya mai suna Christine Strullu-Derrien tana duban ɓallin duwatsun Raini da ke ajiye a babban gidan kayan halitta na Landan. Sai ta ga wani abu a jikin Mai-tauraro wanda bai yi kama da fumfunar da aka saba gani a dutsen ba. Zaren fumfuna ya taru ya yi dunƙule a jikin tsiron. Daga nan waɗansu 'yan sanduna sun fito waje da fatarsa, a cure wuri ɗaya kamar tukkun yaro. A kan irin waɗannan sanduna ne fumfuna ke ɗora ƙurar irinta don iska ta kwasa. An gan su a jikin kara, an kuma gan su a jikin 'yan ganyen.

Ba ta yi garajen shela ba. Alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, masana ma haka. Sai da aka sami ta biyu a wani ɓallin dutse dabam, cikin ajiyar gidan kayan tarihi na ƙasar Sikotlan. An kuma yi aiki da madubin zamani mai wani haske mai kaifi da ake kira leza. Shi wannan madubi yakan ɗauki hoton abu hawa-hawa, daga sama har ƙasa, kwamfuta ta haɗa hotunan, sai a ga siffarsa ta kowane gefe. A watan Disamba na 2023 ita da abokan aikinta suka bayyana wa duniya abin da suka samu. Shekara 8 ke nan daga ganin farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaya aka san tsiron yana da rai?

Nan ne gindin maganar. Ganin fumfuna a jikin tsiro bai isa a ce ita ta cuce shi ba. In kun tarad da ungulu a kan mushen jaki, ba za ku ce ita ta kashe shi ba. Watakila Mai-tauraro ya riga ya mutu, fumfunar ta zo cin gawa ne kurum. Da yawa daga cikin fumfunar da ke dutsen Raini wannan ne aikinsu. To, ina shaidar da za ta raba gardama?

Ku dubi abin da kuka riga kuka sani. In ƙaya ta soki mutum a ƙafa, wurin yakan kumbura. In kuka soka ƙaya a busasshiyar fata, ko ta shekara a ciki ba abin da zai faru. In aka sari itacen ƙaro mai rai, yakan fid da ƙaro ya toshe wurin. Gungumen da ya bushe kuwa ko an sare shi sau ɗari ba ya fid da komai. Ku kuma dubi reshen da kauci ya kama, za ku ga ya yi ƙulli daidai inda kaucin ya shiga. Watau mai rai ne kaɗai ke mai da martani. Gawa ba ta kumburi don an taɓa ta.

Da aka duba jikin Mai-tauraro da kyau, sai aka ga daidai inda fumfunar take fatarsa ta taso ta yi tudu, kamar an kife ɗan ƙoƙo. Tsiron ne da kansa ya yi wannan tsiro saboda abin da ya shige shi. Matacce ba ya iya haka. Ashe yana da rai sa'ad da ta kama shi, yana cikin fama da ita ruwan zafi ya zo ya rufe su duka biyu. Shi ke nan, hukunci ya fito: wannan fumfuna ba ungulu ba ce, kaska ce. Zuwa shekarar 2023 ba a sami wata fumfuna mai cutar da tsiron tudu wadda ta girme ta ba.

Akwai wata shaida mai kama da wannan daga cikin kududdufan Raini. A 1992 waɗansu masana sun ba da labarin wata gansakuka ta ruwa da ke cikin dutsen. 'Yan ɗakunan jikinta da wata ƙaramar fumfuna ta shiga sun kumbura sun fi sauran girma nesa. Har yau dangin wannan gansakuka haka suke yi in irin wannan cuta ta kama su.

Sunan da aka raɗa mata

Kowace halitta da aka gano akan raɗa mata suna da Latin, tsohon harshen Rumawa, don masanan kowace ƙasa su san abu ɗaya ake nufi. Wannan an sa mata Potteromyces asteroxylicola. Kada tsawon sunan ya tsorata ku. Kalma ta biyu cewa take yi, mai zama a jikin Mai-tauraro. Ta farko kuwa cewa take yi, fumfunar Potter, ana faɗinsa Fota.

Wace ce Fota? Beatrix Potter wata Baturiyar Ingila ce, an haife ta a 1866, ta rasu a 1943. An fi saninta da littattafan yara masu labarin zomo da sauran dabbobi. Amma kafin ta yi suna a wannan, ta yi shekaru tana tsintar fumfuna iri-iri, har a dazuzzukan Sikotlan. Tana duba su a madubin likita, tana zana su daidai yadda suke. A 1897 ta aika da bayanin bincikenta ga wata babbar ƙungiyar masana a Landan. A lokacin ƙungiyar ba ta karɓar mata, sai wani namiji ne ya gabatar da takardar. Bayan shekara 80 da rasuwarta, sai ga wata mace masaniya ta sa sunanta a kan wannan tsohuwar fumfuna.

Ba duka ne abokan gaba ba

Kada ku ɗauka duk fumfunar Raini mugaye ne. Akwai wani tsiro a wurin mai suna Aglaophyton. Ba shi da ganye, ba shi da saiwa ta sosai, sai kara mai kwanciya a ƙasa da 'yan gashi-gashi. A 1994 masana suka nuna akwai fumfuna cikin 'yan ɗakunan jikinsa, ta yi rassa ƙanana kamar ɗan itace. Irin waɗannan rassa su ne kasuwar da tsiro da fumfuna ke musayar kaya: ita ta kawo gishirin ƙasa, shi ya ba da abinci.

Wannan ciniki bai mutu ba. Yawancin tsire-tsiren duniya na yau suna da irin wannan abokiyar zama a saiwarsu. Da dawa, da gero, da masara, da wake, da gyaɗa, duk suna da ita, ko da yake ido ba ya ganinta. Kun ga ke nan hanyoyin nan uku da muka lissafa a farko, mai cin mushe, da abokiyar arziki, da cima-zaune, dukansu suna nan a fadama ɗaya tun shekara miliyan 407 da suka wuce.

Ina ruwan manomi da wannan?

Fumfunar Fota ta ƙare, Mai-tauraro ma ya ƙare. Ba za ta kama gonar kowa ba. Ba kuma ita ce kakar burtuntuna ba, gidansu dabam ne. Masana sun sa ta cikin babban gidan da ya haɗa yis, da fumfunar da ke ɓata gyaɗa a rumbu, da wadda ke yi wa ganyen gyaɗa baƙin tabo. Amma sana'arsu ɗaya ce da burtuntuna: a shiga tsiro mai rai, a tsotse shi, a fito waje a watsa iri.

Abin da dutsen nan ya koya mana shi ne, cutar tsiro ta girmi noma, ta girmi mutum. Ba rashin sa'a ba ce, ba kuma hannun maƙwabci ba ne. Tun babu kowa a bayan ƙasa take aikinta. Abu ce mai rai, tana da iri, tana da hanyar da take bi. Abin da ke da hanya kuwa ana iya tare shi.

Ga hanyar burtuntunar da ta fi damun dawa. Wajen sussuka, zangarniya mai cuta takan fashe, baƙar ƙurar ta manne a jikin tsaba mai lafiya. In aka shuka wannan tsaba, ƙurar ta tsiro tare da ita, zarenta ya shige cikin ɗan tsiron. Dawa tana girma, ita ma tana hawa a ɓoye cikin kara. Ba a ganin komai sai ran da kai ya fito. Saboda haka:

1. Ku zaɓi irin shuka tun a gona, daga zangarniya mai lafiya, ku ajiye shi dabam.

2. In kun ga kai mai burtuntuna, ku yanke shi a hankali ku ƙone, kada ya shiga masussuka.

3. Kafin shuka ku nemi maganin gauraya iri wurin malamin gona, ku bi yadda ya gaya muku. Maganin guba ne. Kada a ci irin da aka gauraya, kada a ba dabba ko kaji, a kuma wanke hannu da sabulu.

4. Kada ku maimaita gyaɗa a gona ɗaya kowace shekara, gama cutar tabon ganye takan yi rani cikin tarkacen bara.

5. Ku shanya gyaɗa da masara su bushe sarai kafin a kai rumbu. Fumfuna laima take so, wata irinta kuwa tana barin dafi mai ɓata hanta.

Mai-tauraro ba shi da wata dabara sai kumburi. Mu kuwa mun san abokiyar gabarmu, mun san ƙofar da take shigowa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa fumfuna ba ta iya yin abincinta da kanta?

2. Ku faɗi hanyoyi uku da fumfuna ke samun abinci, ku ba da misalin kowace.

3. A wace ƙasa ƙauyen Raini yake? Wa ya fara lura da duwatsunsa?

4. Me ya hana tsire-tsiren Raini ruɓewa?

5. Wace shaida ce ta nuna Mai-tauraro yana da rai sa'ad da fumfuna ta kama shi?

6. Ta yaya burtuntuna ke tashi daga dawar bara ta kama ta bana? Me za ku yi ku tare ta?